Sai Ta Fito da Ƙafarta

A gidan Iya, can bayan duwatsun Tabotaki, akwai ɗaki cikin ɗaki. Na waje shi ne makwancin tsohuwar, da gadonta na ƙarfe da jeren kwanoninta. Na ciki kuwa, inda a da ake ajiye tukwane da buhunan wake, ko taga ba shi da ita, kuma a nan Husna take zaune tun ran da aka yi sunanta. Ta shiga shekararta ta uku ba ta taɓa ganin sama ba.

Ba ma Husna ake kiranta ba. Uwarta Mansura kaɗai ke raɗa mata wannan suna a kunne. Sauran mutanen gida Ayashe suke ce mata, don in mutuwa ta zo wucewa ta ji sunan abin da aka yar, ta yi gaba. Mansura ta rasa 'ya'ya biyu kafin ita, ɓul-ɓul da su, waɗanda aka yi ta goyo ana shiga da su gidajen biki. Iya, uwar mijinta, ta ce baki ne ya cinye su. Da aka haifi ta ukun sai ta tafi gindin tsohon gawon da kakanninta suke yanka a da, ta yi alwashi: wannan ba ido ba rana, sai ran da ta fito daga ɗakin da ƙafarta.

Kullum da sassafe Mansura ce ke tatsar awaki. Jajaye ne masu albarkar nono, ƙwarya takan cika har kumfa ya hau baki. Takan kai wa Iya da hannu biyu, ta durƙusa, Iya ta raba kashi biyu. Kashi ɗaya na cuku ne, a shanya shi bisa rumfa rana ta busar, a aika Abijan in an sami mai tafiya, domin Mahaman, mijin Mansura, ya ce abin da ya fi kewa ke nan a can. Ɗayan kuma na wani ɗan rago ne maraya, wanda Mahaman ya aiko a raina masa, da shi zai yi layya in ya dawo baɗi. Rabon Husna kunun gero ne tsararo, wanda mutum zai iya hango gindin kwano ta cikinsa.

"Iya, ko ludayi guda in ɗiba mata?" Mansura ta tambaya wata safiya, idonta a ƙasa.

"Ki ɗiba ma wa?"

"Ayashe."

"Ta yi kumatu ke nan, ta yi sheƙi, a ji labari a yi sha'awa." Iya ta ci gaba da tace madarar. "Waɗancan biyun ba madara munka ɗura musu ba? Ina suke? Mutuwa ba ta kwaɗayin ƙashi, ɗiyata. Bar ta da ramarta, ramar nan ita ka tsaron ta."

Ba da faɗa ta faɗa ba, abin da ya fi ci wa Mansura rai ke nan. Da ƙiyayya ce da ta san yadda za ta yi da ita. Amma Iya ita ce mai yi wa yarinyar kitso da yatsu masu rawa, ita ce mai tofa mata addu'a a ka. Yaya mutum zai yi faɗa da wanda yake kashe masa ɗa da soyayya?

Daga tatsa Mansura takan wuce fadama, garkar albasar gidan, ba ta dawowa sai la'asar. Iya tana tsakar gida da cukunta. Husna tana ciki ita kaɗai, ita da tukwane. Abokinta ɗaya ne a duniya. A saman bangon gabas akwai wata 'yar kafa da ɓera ya huda, in hantsi ya yi sai haske ya ratso ta nan ya sauka ƙasa, faɗinsa bai wuce bakin ludayi ba. Husna ta ji ana cewa duk abin da ya zo ya koma baƙo ne, sai ta sa masa suna Baƙo. Takan ja gindi ta je ta tara masa tafin hannu, ta damƙe, ta buɗe a hankali ta ga ko yana nan. Takan ba shi labari da 'yan kalmominta, har ta ɗiga masa kunu. In ya hau bango ya ɓace, sai ta kwanta ta sa yatsa a baki.

Mansura ce ta fara lura, domin ita ke yi mata wanka. Wuyan hannun yarinyar ya kumbura kamar an sa mata awarwaro a ƙarƙashin fata. Haƙarƙarinta ya fitar da ƙulle-ƙulle a jere kamar 'ya'yan carbi. Kanta ya yi wa jikin girma, maɗigarta har yanzu tana numfashi kamar ta jinjiri, gumi kuma ba ya barin goshinta ko da sanyi ake. In aka ɗaga ta sai ta yi ƙara, kamar hannun uwarta ƙaya ne. Ƙafafun kuwa, da ta fara dafa tukunya tana gwada tsayuwa, sai suka soma buɗewa ta tsakiya, suka lanƙwashe kamar baka.

Ta sami Umar, wan mijinta, a zaure yana ɗaure tiyon injin ban ruwa da roba. Ta durƙusa daga nesa.

"Yaya, ƙafafun yarinyar nan sun karkace. Ina son a kai ta likita."

Umar ya daɗe yana jan robar kafin ya amsa. "Ni ma na san wanga abu ba addini ba na. Al'adar mutanen da ta, malamai sun hana. Amma kin san Iya. In na ce a hitar da ita, wani abu ya same ta, bakin uwa za ni ɗauka? Ki bari mai ɗiya shi dawo."

Mai ɗiya yakan kira ran Juma'a, ta wayar Umar, a buɗe muryar kowa yana ji. Mansura ba ta taɓa samun mijinta ita kaɗai ba ko a waya. Da aka miƙo mata, sai ta haɗiye kunya a gaban surukarta ta faɗa masa.

"Haba, ke kuwa," in ji muryar daga nesa, ana jin ƙahon motoci a bayanta. "Iya ta raine mu mu shida, wa ya gurgunce? Wani yaron shina da nawar tahiya, shi ke nan. Ki yi haƙuri. Ina labarin ragona? Yaya, a ɗauko mini hotonshi in gani."

Aka ɗauki hoton rago ta gaba da ta gefe. 'Yarsa kuwa bai taɓa ganin ko inuwarta ba, don hoto ma ido ne.

Da aka yi satar tumaki a maƙwabta, Iya ta sa aka mayar da ɗan ragon cikin wani tsohon ɗakin kara mai duhu, aka riƙa kulle shi dare da rana. Bayan wani lokaci sai ya fara tangaɗi. Gwiwoyinsa na gaba suka kumbura, in ya tashi sai ya durƙusa. Ran da Iya ta gani, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

"Ku hiddo shi. Wane sakarai ya bar dabba ba ta ganin rana? Ku ɗaure shi nan inda hantsi ka bugawa. Binta, ƙona mini ƙashi ki dake, ki haɗa da kanwa. Ke kuma Mansura, daga yau a rage na cuku a ƙara mishi madara cikin dusa. Kowa ya san dabba in ba rana ba nono, ƙashinta ruɓewa shika yi."

Binta, matar Umar, ta ruga neman ƙashi. Mansura ta tsaya da ƙwarya a hannu.

"Iya," ta ce, "ƙashin mutum fa?"

Iya ta juyo a hankali.

"Jikata kika haɗa da dabba?"

"A'a, Iya. Na ga dai gwiwar tasu iri ɗaya ce."

"Rago ba shi da maƙiyi. Ba wanda ya taɓa yi ma rago baki ya mutu. Ke yarinya ta, ba ki san duniya ba. Ni na wanke gawar jikokina biyu da hannuna, ba ni wanke ta uku."

Ta shige ɗaki, ta wuce can ciki don ta duba yarinyar, sai ta iske Husna zaune ta tara hannu, haske kwance a tafinta tana yi masa dariya. Iya ta bi hasken da ido har saman bango.

"Ashe ta ɓarauniyar hanya kika shigo," ta ce wa rana. Ta kwaɓa laka da kanta, ta taka buhu ta liƙe kafar.

Washegari Husna ta ja gindi zuwa inda Baƙo yake sauka, ta tara hannu. Ta jira har aka yi azahar. Ta sake jira kashegari. Da Mansura ta dawo daga fadama sai yarinyar ta tambaye ta, "Inna, Baƙo ya yi fushi?" Mansura ta rungume ta a hankali, don ko rungumar ma ciwo take yi mata. Daga ranar Husna ta rage magana. Kunun ma sai an yi da gaske take buɗe baki. Tari ya shige ta, wani siririn tari mai fita daga ƙirjin da ya matse kamar na tantabara. Ragon kuwa a waje ya miƙe, ya fara tunkuyin turke.

Masu rigakafi sun zo gida-gida a wannan watan. Mansura tana bakin turmi ta ji Iya tana ce musu daga zaure, "Babu ƙaramin yaro gidanga, Allah bai bar muna ba." Shugabarsu, wata Dela mai aiki a gidan likitan yankin, ta leƙo ta ga ɗan kamfai a kan igiyar shanya, ta wuce gida na gaba. Da yamma Mansura ta iske ta a bakin rijiya tana wanke ƙafa, ta sauke bidonta, jarkar ɗiban ruwa, kusa da ita.

"Madam, wata ƙawata ce ɗiyarta ƙafafu sun lanƙwashe, wuyan hannu ya kumbura. Ko mene ne?"

"Tana shan madara?"

"A'a."

"Tana fita rana?"

Mansura ta girgiza kai.

"To ai ƙashin yaro gini ne," in ji Dela. "Akwai wani abu cikin madara, mu a likita kalsiyom muke ce mishi, shi ne tubalin. Akwai shi a cuku, da ganyen zogale, da kuka, da ƙananan kifin nan da ake ci da ƙayarsu. Amma tubali ba ya hawa bango da kanshi. In rana ta taɓa fatar yaro, jiki yakan yi wani abu, bitamin D, shi ne maginin. An hana tubali, an kori magini, an ce bango ya tashi?" Ta matse bakin zanenta. "In an daɗe, ƙirji ya matse, tari ya samu wurin zama. In mace ce kuma ƙugu ya tsuke, ran haihuwarta a sha wuya. Yanzu akwai magani, in an kawo ta." Ta dubi Mansura ido cikin ido. "Ki gaya wa ƙawar taki, ƙashi ba ya jiran mai gida ya dawo daga Abijan."

Mansura ta ɗauki bidonta ta koma gida da maganar a ciki kamar garwashi. Ta fara satar madara a 'yar kwalba tana ɓoyewa a ƙugu, uwa tana satar nonon da ta tatsa da hannunta don ta ba 'yarta. Amma rana ba ta shiga kwalba. Ta yi ta juya abin a ranta. Husna ba za ta fita ba sai ta taka, ba za ta taka ba sai ta fita. An ɗaure yarinya da igiyar da ba ta da bakin kwancewa. Ta kuma ji tsoro, don ita ma a nan ƙasar Adar aka haife ta, ita ma ta ga gawa biyu. In Iya ce mai gaskiya fa?

Iya ma ta ƙosa alwashin ya sauka daga wuyanta. Kullum takan tsaya a ƙofar ɗakin ciki da dabino a hannu tana kira, "Taho, Ayashe. Taka ki ɗebe mini wanga nauyi." Wata safiya, Mansura na shirin tafiya fadama, Iya ta ɗage labulen ƙofar waje don ta share ɗaki, haske ya kwanto har tsakiyar ɗakinta. Husna ta hango shi daga ciki.

"Baƙo," ta ce.

Ta dafa tukunya ta miƙe, ƙafafun suna rawa. Iya ta saki tsintsiya. "Ga ta nan, ga ta nan. Taho, uwata." Husna ta saki tukunyar, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ajiye, duk nauyinta ya koma kan ɗayar. Sai aka ji wata 'yar ƙara kamar an karya ɗanyen kara. Yarinyar ta zube. Kukan ma bai fito nan da nan ba, bakin kawai ta buɗe.

Mansura ta riga Iya isa. Ƙafar hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

"Kawo man shanu da kara," in ji Iya. "Ni za ni ɗora da kaina. Kada a kira maɗori, shi ma ido na."

Mansura ba ta tafi neman man shanu ba. Ta shimfiɗa zanenta, ta kwantar da yarinyar a kai, ta tallabe ta a hannu biyu, don ba ta goyuwa. Da ta miƙe sai ta ga Iya ta tare ƙofa, hannu ɗaya a kowane gefe, hawaye na bin tsagar fuskarta.

"Ba da ƙahwarta ta hito ba. In kika ƙetare ƙofar ga ta mutu, jininta na wuyanki."

"In ta mutu a ciki fa, Iya, wuyan wa?"

"Allah ne ya karɓi abinshi."

"To ki ba ni hanya in kai ta inda Allah ya ajiye rana."

Ba ta ture tsohuwar ba. Ta dai ci gaba da tahowa, ita da abin da ke hannunta, har sai da hannun Iya ya sauka da kansa.

Hantsi ya cika tsakar gida. Binta ta tsaya da taɓarya a sama. Umar, da ya shigo ɗaukar tiyo, ya dubi 'yar ƙanensa karo na farko a cikin hasken rana, ya ga kan, ya ga ƙirjin, ya ga ƙafafun, sai ya mayar da idonsa kan tiyon. Ragon yana turkensa yana tuƙa, farin gashinsa na ƙyalli. Husna ta runtse ido ta cusa fuska a ƙirjin uwarta, hasken ya yi mata yawa. Sai da suka fita zaure, suka kama hanya, sannan Mansura ta ji ɗan hannu ya zaro daga cikin zane. Yarinyar ta tara tafinta, ta damƙe, ta buɗe. Cikin shessheƙa ta ce, "Inna, duk wannan Baƙo ne?"

Ba wanda ya biyo su daga gidan. Wani mai amalanken albasa ne ya tsaya ya gyara musu wuri a kan buhuna.

A gidan likita aka ɗaure ƙafar, aka ba su magani na ɗigawa a baki, aka ce madara kullum, rana kullum da hantsi. Likitan bai ɓoye mata ba. Karayar za ta haɗe, lanƙwasar za ta ragu in an dage, amma an makara, kada ta sa rai ƙafafun za su miƙe sarai. Da aka sallame su Mansura ba ta koma Tabotaki ba, ta wuce gidan ubanta a Karofane, inda akwai akuya ɗaya tak da bishiyar zogale a bayan ɗaki.

Mahaman ya dawo ana saura kaɗan Sallar layya. Bai zo Karofane ba. Ya aiko cewa wadda ta karya alwashin uwarsa ita za ta zo ta ba da haƙuri. Labari ya iso cewa ran Salla mutane har tsayawa suke yi kallon ragonsa, ana cewa ba a ga kiwo irin na Iya ba a bana.

Kashegarin Salla Binta ta zo a motar kasuwa, da ƙafa guda ta ragon layyar a naɗe cikin takardar siminti. Ta iske Husna zaune a tabarma a tsakar gida, ba riga, rana na dukan bayanta, leɓenta fari da madara, tana ƙoƙarin kama inuwar kaza.

"Iya na gaishe ki," in ji Binta, tana kauce wa idon Mansura. "Ta ce a gode ma Allah da yarinya ta rayu. Ta ce ɓoyon da anka yi mata shi ya tsallakar da ita shekarun da 'yan'uwanta sunka tahi."

Mansura ta yi murmushin da bai kai ido ba. Da Husna ta mutu a hanyar likita, da an ce fitar da ita ne. Da ta rayu, an ce alwashi ne. A gidan nan laifi bai taɓa kwana a ɗaki ba, kullum a waje ake shimfiɗa masa. Kuma ta san ba gidan Iya ne kaɗai ba. Akwai ɗakuna da yawa a bayan duwatsun nan inda ake auna wa dabba rana da madara, a bar yaro da addu'a da kunu tsararo, kowa kuma yana da hujjarsa mai kyan ji.

Da Binta ta tafi, ta kwance takardar, ta yanke naman ta raba wa maƙwabta, ta bar ƙashin. Ta daɗe tana juya shi a hannu. Miƙaƙƙe ne, mai kauri, fari tas, ba lanƙwasa ko ta gashi. Ta san kowace safiya da ta shiga cikinsa, don ita ta tatso su.

Ta fasa shi da ƙyar, sai da ta sa gatari. Ta dafa shi da kuka har romon ya yi kauri, ta zuba a ɗan kwano, ta kai tabarma. Husna ta dafa gwiwar uwarta ta miƙe a kan karkatattun ƙafafunta, tana rawa, amma ba ta faɗi ba.

"Na wane ne, Inna?"

"Naki ne, Husna," ta ce da ƙarfi, yadda duk gidan zai ji sunan. "Sha. Madararki ce ta dawo."